Karnukan Malam Kuwabara Ba Sa Motsi

Da hantsi aka tsinci gawar Malam Kuwabara mai zane a bayan tsohon siton gawayi da ke gangaren dutse, kwance a kan dusar ƙanƙara, maƙogwaro a yage. Otane ce ta fara gani, tsohuwar da ke aiki a gidan Narumi mai giyar shinkafa, lokacin da ta hau kai masa abinci. Kafin ɗan sanda ya iso, rabin mutanen garin Shirasawa sun hau sun tattake wurin, kowa na leƙe, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Kafin shinkafar mamacin ta huce har an yanke hukunci. Kare ne ya yi, kuma an san karen.

Kinu suke nufi, tsohuwar karyar Tokuji mai bin sawu. Da kaka ta taɓa gatsa wa Malam hannu, ranar da ya kama kunnenta zai auna. Yau kuma da safe matan bakin rijiya sun gan ta tana saukowa daga dutse baki duk jini. Me ake jira kuma?

Shi wannan Malam daga babban birni ya zo bayan girbi, wai manyan can na haɗa wani katafaren littafi na hotunan karnukan ƙasa tsantsa, waɗanda jinin karnukan ketare bai gurɓata ba. Hannunsa kuwa ba a magana. In ya zana kare, sai ka ji kamar ka miƙa hannu ka shafa. Duk karen da ya zaɓa zai tafi da shi sito ya kulle ƙofa, don ba ya aiki ido na kallonsa, in ya gama kuma ya ce ya aika da shi birni manya su gani. Sai gari ya haukace. Mutanen da 'ya'yansu ke yawo da majina har haɓa suka koma taje wa karnuka gashi. Na baya-bayan nan da aka zaɓa shi ne Tetsu, ɗan Kinu, karen Genza ƙanen Tokuji, kuma ranar har sai da Genza ya sha giya ya yi rawa a titi.

Tokuji ya iso ya ratsa taron ba tare da ya gaida kowa ba, don dama ba halinsa ba ne. Shi ne jagoran mafarautan beyar, ƙaton naman dajin nan mai farata, a garin, mutum mai ɗacin baki da ba shi da mata ba shi da ɗa. Abin da ya mallaka a duniya bai wuce bindiga da ƙane ɗaya da wannan karya ba, wadda ta taɓa janye beyar daga kan ƙirjinsa, har yanzu tabon na nan daga kafaɗa zuwa cibiya. Ya tsuguna kusa da gawar, ya ɗaga rigar da ke lulluɓe da ita, ya juya kan.

"Yallaɓai, zo ka gani," ya ce wa ɗan sandan. "Yanyawa ce ta yagi maƙogwaron nan bayan ya mutu, ga gashinta can inda Kinu ta kama ta. Dubi bayan wuyan. Kare yana da haƙorin da ke zagaye wuya ya bar layi siriri haka?"

Ɗan sandan baƙo ne daga bakin teku, sanyi ya ishe shi, garin ma ya ishe shi. Ya leƙa daga tsaye, ya ja hanci.

"Ban taɓa ganin mai karen da ya ce nasa ne ba. Gobe da rana za a zo ɗaukar gawar, kuma ba zan aika mutumin birni gida ba tare da amsa ba. Ka kawo mini mutum, in ba ka karyarka. In ba haka ba sanda ce, a gaban kowa."

Aka ɗaura wa Kinu igiya. Ta tirje, ta ƙi tafiya, sai da Genza ya matso ya karɓi igiyar ya ce, "Kawo, ta san ni." Ta bi shi tana waiwayen ubangidanta.

*

Tokuji ya fara da gidan Narumi, inda Malam ke kwana. Ya tarar da maigidan zaune kusa da murhu, ƙafarsa mai ciwo naɗe da tsumma kamar kabewa.

"A'a, sarkin daji da kansa? Ku da ke kashe beyar ku tsaya kuna ba shi haƙuri, yau kuma an koma bin sawun mutane?"

"An ce kun yi faɗa da baƙonka shekaranjiya, Maigida."

"An ce! Su wa suka ce? Otane mai bakin kwando?" Narumi ya buga lofensa a bakin murhu. "To, na yi. Tun kaka nake ciyar da mutumin nan, giyata ta tulun ciki yake sha, don kawai ya sa karena a shafin farko. Da na matsa masa sai ya ce wai kunnen hagu ya ɗan langaɓe, akwai jinin baƙi. Karen gidan Narumi! Na sa aka ɗaure kunnen da tsinken gora har ya yi ruwa, ya zo ya duba ya yi dariya. Sai ga karen matsiyacin ƙanenka shi ne na shafin farko."

"Ina karen yanzu?"

"Na ba Rokusuke majemi. Me zan yi da kare mai kunne ɗaya?" Ya miƙo ƙafar. "Da zan iya hawa dutsen nan da na shaƙe shi da kaina, ban ɓoye maka ba. Amma dubi. Bayan gida ma sai an riƙe ni."

Tokuji ya dubi ƙafar, ya ga gaskiya ne. Mugun mutum ne Narumi, amma muguntarsa ba ta iya hawa gangare.

*

Ya koma siton. Ɗan sanda ya leƙa ciki tun da safe, ya ga takardu da fenti, ya fito. Tokuji kuwa ƙasa yake kallo, don shi abin da ke sama bai taɓa gaya masa komai ba.

Ɗakin ya fi waje sanyi. Babu murhu, babu ko gawayi guda a siton gawayi, tagar arewa kuma an cire ta gaba ɗaya. Wane irin mutum ne zai zauna yana zane a cikin wannan ƙanƙara alhali itace na zube a ƙofa? Babu kwanon kare, babu kashin kare, babu ko kartar farce a jikin ƙofa, ga shi kuwa an ce karnukan dutse aka riƙa kullewa a nan, waɗanda ko rabin yini ba sa yarda da ɗaki. A tsakiya akwai wani faffaɗan katako da aka huda, guntayen waya na fitowa daga hudojin.

A jikin bango hotunan ke rataye. Ga karen mai niƙa, ga farar karyar gwauron bakin gada, ga Tetsu a ƙarshe, fentinsa ko gama bushewa bai yi ba. Kowanne tsaye ƙyam, ƙirji a waje, kunnuwa a miƙe, wutsiya a naɗe bisa gadon baya. Tokuji ya daɗe yana kallonsu, tsigar jikinsa na tashi bai san dalili ba. Sai can ya lura duk tsayuwarsu ɗaya ce, tamkar uwa ɗaya ta haife su a rana ɗaya. Tetsu kuwa tun yana ɗan kwikwiyo ba ya tsayawa sai ya ɗan ɗage ƙafar gaba, amma a nan ya dasa duka huɗun a ƙasa.

A ƙofar baya, ƙarƙashin rufi inda sabuwar dusa ba ta kai ba, akwai sawun katakon da ake jan kaya da shi a kan dusa, an sha bi ta wurin. Ya bi shi. Sawun bai nufi hanyar tashar da ake bi zuwa birni ba. Ya gangara ta bayan gari ya tsaya a bakin kogi, a ƙofar bukkar majemi.

Rokusuke na kankare fata da ya hango shi, ya saki wuƙar ya durƙusa tun ba a tambaye shi komai ba. Mutum ne da gari ya saba ɗora wa laifi, in kaza ta ɓace shi, in yaro ya yi zazzaɓi shi.

"Baba Tokuji, na rantse ban taɓa shi ba! Ni kwashewa kawai nake yi."

"Kwashe me?"

Rokusuke ya ɗaga tabarmar da ke rufe da maratayinsa. Fatu ne. Tokuji ya gane farar nan tun daga nesa, ya gane ta mai niƙa da ɗigon baƙi a kafaɗa.

"Ya ce kare mai rai ba ya tsayawa," in ji majemin. "Ya ce yana juya kai, yana haki, yana sosa ƙuma, gashin ba ya zama wuri ɗaya. Sai ya sa musu waya a wuya. Tun jikin da ɗumi zai tsayar da su a kan katakon nan, ya ɗaure ƙafa, ya tokare kunne da tsinke, ya naɗe wutsiya, ya bar sanyi ya ƙarasa aikin. In ya gama zanen sai ya kira ni. Ya ce in na faɗa wa wani zai ce ni na sace su, wa zai yarda da ni a kan Malam?"

"Birnin ke nan da ake kai su."

"Birnin ke nan, Baba."

Tokuji ya bi fatun ɗaya bayan ɗaya da hannu. Zuciyarsa na tafasa, har ya ji da Malam zai tashi da shi ma ya sake kwantar da shi. "Ina ta Tetsu?"

"Bai ba ni ba tukuna. Yau ne ma zan je ɗauka."

Tokuji ya saki fatar da ke hannunsa. Tetsu ba ya cikin sito, ba ya wurin majemi. Kare matacce kuwa ba ya sauka daga kan katako da ƙafarsa.

Da ya ga dama da nan aikinsa ya ƙare. Ga majemi, ga fatu, ga sawu har ƙofa, gari kuma zai karɓa da hannu biyu, kafin azahar Kinu na gida. Ya dubi hannuwan Rokusuke, ya dubi wuƙar da ya yar, ya tofar da yawu ya fita. Ba tausayi ba ne. Shi dai bai taɓa kawo zomo gida ya ce beyar ba ne.

*

Washegari da sassafe ya tare Otane a bakin rijiya.

"Iya, gaya mini yadda kika same shi."

"Na gaya wa ɗan sanda, na gaya wa Maigida, na gaya wa matan gari kaf, sai kai mai kunnen ƙashi? Na same shi kwance, shi ke nan. Kwanona ma ya fashe, wa zai biya ni?"

"Yadda na gan shi haka kika same shi?"

"Haka mana. In ban da rigar da na gyara masa."

Tokuji ya ajiye gugan da ya ɗauka zai taya ta. "Wace gyara?"

"Yo ai a birkice take! Mutum mai tsafta irin Malam, a ce an shimfiɗa masa rigarsa wuyanta a ƙafafunsa, gindinta a fuska? Har an baje hannuwan rigar lafiya lau, amma a juye. Na ce wannan karya ba ta da kunya. Sai na juya masa ita daidai, kada mutane su zo su gan shi haka."

"Karya ce ta lulluɓe shi da riga, Iya?"

Tsohuwar ta ja guganta. "To ni ina na sani? Haka aka ce."

"Kansa yana ina?"

"Wajen dutse mana, inda ka gan shi."

Wajen dutse arewa ke nan. In mafarauta suka kashe beyar, ba a taɓa namansa sai jagora ya sallame shi. Za a juya kansa arewa, a feɗe, a ɗauki fatar a shimfiɗa masa a juye, kai a ƙafa, ƙafa a kai, a faɗi wasu kalmomi a hankali don ransa ya koma wurin Uwar Dutse, abar bautarsu mai mulkin namun daji. Abin da aka kashe ba a sallama ba yana bin mutum har gida. Ba a yin wannan a gaban mata, ba a yi a gaban baƙo, kuma jagora kaɗai ke sanin yadda ake yi. A duk Shirasawa mutum uku suka sani. Akwai tsohon jagora da ya makance yana kwance a ɗaki, akwai Tokuji, sai wanda Tokuji ya koya wa da bakinsa a bazarar da ta wuce, don ya gaje shi.

Ya ɗaura takalmin ƙanƙara ya hau. Bai nemi sawu a fili ba, dusa ta rufe. Ya miƙe zuwa cikin kurmi, inda rassa ke tarewa, kuma can ya same shi yana jiransa. Sawun ya nutse sosai, na mutum mai kaya a baya. Ƙafar hagu na ɗan karkata waje. Shi ya koya wa mai wannan ƙafa tafiya a dusa, ya sha dukansa a kan karkatar nan bai daina ba.

A gindin babban icen da mafarauta ke ajiye wa Uwar Dutse hadaya, an tara dusa an danne da rassa. Ya tona da hannu. Tetsu na ciki a sandare, har yanzu a tsaye yake yadda aka dasa shi, ƙirji a waje, tsinke a kunnuwa. An yi ƙoƙarin kwantar da shi, ƙafafun sun ƙi lanƙwasuwa. An kwance wayar wuyansa, ba ta kuma cikin ramin.

Tokuji ya zauna a dusa. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa, masaƙar ma ta cikin gida. Ya zauna har rana ta hau tsaka, sannan ya goya karen ya sauko.

*

A zauren Narumi aka taru, don shi ne mai faɗi. An kawo hotunan daga sito an jingine a bango. Ɗan sanda na zaune a sama, Narumi kusa da murhu, Rokusuke a durƙushe a bakin ƙofa inda ya saba, Otane na zagayawa da shayi tana kasa kunne. Masu karnuka duk sun zo. Genza na can gefe, matarsa Haru a bayansa da goyo. A tsakar gida an ɗaure Kinu a turke, an jingine ƙatuwar sanda kusa da ita.

Tokuji ya shigo da kaya a baya, ya sauke a tsakiyar tabarma, ya yaye buhun. Tetsu ya tsaya a kan ƙafafunsa, daidai da hotonsa da ke jingine a bango, babu bambanci ko na gashi ɗaya.

Kowa ya dubi karen, ya dubi hoton. Sai mai niƙa ya ce, "Wannan kuma mene ne?"

"Birni ne," in ji Tokuji. "Ga shi na kawo muku har gida. Naka yana rataye a bukkar Rokusuke, ka je ka gaishe shi. Ku kuka wanke su, ku kuka taje su, ku kuka kai su da hannunku kuna godiya."

Gwauron bakin gada ya fashe da kuka kamar yaro. Wasu suka yi kan majemi, sai da ɗan sanda ya daka tsawa.

"To ga dalili, ga majemi," in ji ɗan sandan, har ya fara kwance igiyar ƙugunsa zai ɗaure majemin.

"Ba shi ba ne. Malam na ba shi fata, wa ke kashe kazar da ke masa ƙwai? Ba Maigida ba ne kuma, ƙafa ta hana shi abin da zuciya ke so." Tokuji ya yi magana yana kallon tabarma. "Wani ne ya hau ya yi ban kwana da karensa kafin a kai shi birni. Ya tura ƙofa ya gan shi tsaye, ya kira sunansa, karen bai kaɗa wutsiya ba. Ya sake kira. Da ya gane, sai ya kwance wayar daga wuyan karen ya mayar wa mai ita. Ban ce da ni ne ba zan yi ba. Amma da ya gama sai hannunsa ya yi abin da aka koya masa. Ya juya kan gawar arewa, ya shimfiɗa mata riga a juye, ya sallame ta kamar beyar."

Mafarautan da ke zauren suka sunkuyar da kai gaba ɗaya. Sun gane, kuma ba wanda ya dubi gefen da Genza yake. Ɗan sandan kuwa bai gane komai ba.

"Wannan tatsuniya ce. Ni suna nake so. Karen waye wannan?"

Ba wanda ya amsa. Otane ma, wadda bakinta bai taɓa riƙe ruwa ba, ta tsaya da butar shayi kamar an dasa ta. Gari ya yanke shawara ba tare da an ce uffan ba: mutumin birni ya ci abin da ya shuka, karya tsohuwa ce, a bar maganar ta mutu tare da ita.

Tokuji bai faɗi suna ba shi ma. Jira yake. Ya san ƙanensa, ya goya shi a bayansa ranar da aka binne uwarsu, ya tabbata zai miƙe da kansa. In ya miƙe, Tokuji zai bi shi har gaban alƙali da Tetsu a goye, ya nuna wa duniya abin da aka yi masa.

Ɗan sandan ya gaji, ya tashi ya fita tsakar gida ya ɗauki sandar. Kinu ta ga ubangidanta ta ƙofa, ta miƙe tana kaɗa wutsiya.

Sai Genza ya matso da gwiwoyinsa, ya kama gefen rigar yayansa, ya ce a hankali yadda na kusa kaɗai suka ji:

"Yaya, ka bari. Kare ne fa kawai."

Tokuji ya juyo ya dube shi. Da kuka ya yi, da ya ce dubi Haru, dubi goyon, wataƙila da Tokuji ya runtse ido ya bar sandar ta sauka, don an ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma wannan magana daga bakin mutumin da ya shaƙe ɗan Adam saboda nasa karen, ita ce ta shiga inda farcen beyar bai kai ba.

"Yallaɓai," ya ɗaga murya. "Ajiye sandar. Karen ƙanena ne. Sa ya buɗe tafin hannunsa."

Waya ta yanka tafukan biyu, layi siriri, irin na bayan wuyan Malam. Haru ta yi ƙara ɗaya, jaririn ya ɗauka. Aka kwance igiyar daga wuyan Kinu, da ita aka ɗaure Genza, don ta fi ta ɗan sandan ƙwari. Da za a fita da shi bai ko waiwayo ba.

*

Genza bai dawo ba. Gidan yari na can arewa, kuma ba a cika dawowa daga can ba. Hotunan kuwa manyan birni suka aiko aka kwashe, littafin ya fito da kyau, an ce Tetsu ne a shafin farko. Narumi ya sayi ɗaya yana nuna wa baƙi.

Daga ranar ba wanda ya sake gaida Tokuji, shi da dama ba ya gaida kowa, amma sai yanzu ya san akwai bambanci. Mafarauta suka zaɓi wani jagora da bai san kalmomin sallama ba. In ya wuce bakin rijiya mata kan ce da ƙarfi, "Ga wanda ya ba da ƙanensa ya karɓi karya." Ya kai wa Haru shinkafa, ta watsa masa a ƙafa. Ita kuwa Kinu ba ta san an yi komai ba. Kullum da safe sai ta tafi ƙofar Genza ta kwanta, don shi ya saba jefa mata kan kifi, tana jira ya fito.

Ranar da dusar ƙarshe ta sauka, Tokuji ya buɗe ƙofa da safe ya ga abu a kwance a bakin dokin ƙofarsa, lulluɓe da rigar farautar Genza. Wutsiya ta leƙo ta ƙasa. An yi aikin da wuƙar farauta, hannun da bai iya ba, don an sara ba sau ɗaya ba. Sawu na nan raɗau a kan sabuwar dusa, ƙaramar ƙafa, ta nutse kaɗan ta baya kamar ta mai goyo, ba a ko yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Makaho ma zai iya bin sa.

Tokuji bai bi ba. Rigar ya tsaya kallo. An shimfiɗa ta wuya a kai, gindi a ƙafa, yadda ake lulluɓe mai barci, don ba a taɓa koya wa mace yadda ake yi ba.

Ya durƙusa ya juya kan Kinu arewa. Ya ɗaga rigar ƙanensa ya juya ta, wuya a ƙafa. Ya buɗe baki zai faɗi kalmomin, waɗanda yanzu daga shi sai makaho suka rage da su a garin, sai ya tarar bai san wanne daga cikin biyun yake sallama ba.